Daga Duniyar Wata Zuwa Gonar Zagami

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Gangara, ko wani ƙauye na ƙasar Jibiya, a daren sha huɗu ga wata, ya san irin farin watan da Allah ya hore wa wannan yanki. Watan da muke kallo shi ne dai 'yan'uwanmu na Ɗan Isa da Maraɗi suke kallo, ko da yake wata shekarar mukan riga su ɗaukar azumi, ko su riga mu. Da shi muke lissafin salla, a haskensa yara ke dandali. Tun muna ƙanana kuma muke jin dattawa suna gardama a kan ko da gaske ne ɗan Adam ya taka shi. Ƙurar wannan gardama ta rufe wani tarihin da ba a cika bayarwa ba, wato na kumbunan da suka je wata ba kowa a ciki, suka haƙo ƙasarsa suka dawo da ita. Shi nake son in bibiya a wannan maƙala, domin kuwa, kamar yadda mai karatu zai gani, ƙarshensa ya biyo ta Jihar Katsina.

Tseren Rasha da Amurka

A watan Yuli na 1969, lokacin da 'yan sama jannatin Amurka na Apollo 11 suke kan hanya, Tarayyar Sobiyat tana da nata kumbon mai suna Luna 15 yana kewaya wata. Nufinta shi ne ya ɗebo ƙasa ya rigayi Amurkawa dawowa. Hakan bai yiwu ba, don ranar 21 ga wannan wata ya rikito ya tarwatse, alhali Neil Armstrong da abokin tafiyarsa suna bisa wata. Rashawa ba su karaya ba. Ranar 20 ga Satumba 1970 Luna 16 ya sauka lafiya, ya miƙa hannunsa na ƙarfe mai ɗauke da abin huda, ya huda ƙasa kimanin santimita 35, ya ɗura abin da ya samu a wani ƙoƙo mai kamar ƙwallo, ya liƙe bakinsa. Kashegari wata 'yar roka ta cilla ƙoƙon, ranar 24 ga wata kuma ya sauko da lema a ƙasar Kazakistan. Abin da ke ciki giram 101 ne, bai kai cikin gwangwanin madara ba. Amma wannan shi ne karo na farko a tarihi da na'ura ita kaɗai ta ɗebo wani abu daga wata duniyar ta kawo shi hannun mutane.

Luna 20 ya maimaita haka a Fabrairun 1972, sai Luna 24 a Agustan 1976, wanda ya huda kusan mita 2 ya kawo giram 170. In an haɗa dukkan ukun, abin bai kai rabin kilo ba. Amurkawa kuwa, a saukarsu shida daga 1969 zuwa 1972, sun kwaso kilo 382. Mai karatu zai ce to ina amfanin ɗan abin Rashawa? Amfaninsa shi ne daga wasu wurare ya fito, a gabashin fuskar wata, inda Amurkawa ba su taka ba. Shi ya sa duk da gabar da ke tsakanin ƙasashen biyu a wancan zamani, a 1971 suka yi musayar 'yan giram-giram. Ashe ilmi yakan sa maƙiya cin kasuwa ɗaya.

Bayan Shekara 44

Daga 1976 sai aka yi tsit. Sai a Disambar 2020 ƙasar Sin ta farfaɗo da aikin, inda kumbonta Chang'e 5 ya kawo giram 1,731. Da aka auna shekarun duwatsun sai aka tarar sun daskare ne kimanin shekara biliyan 2 da suka wuce, alhali irinsu da Apollo da Luna suka kawo sun haura biliyan 3. Ma'ana ke nan, cikin wata ya daɗe da zafi yana fitar da narkakken dutse fiye da yadda masana suka zata. A Yunin 2024 kuma Chang'e 6 ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Mai karatu ya sani fuska ɗaya tak wata yake juyo mana, mutumin Gangara da mutumin Makka duk ita suke gani. Wannan kumbo a ƙeyar watan ya sauka, inda saƙon rediyo daga duniya ba ya isa sai da aka kafa wani tauraron ɗan Adam ya zama ɗan aike a tsakani. Ranar 25 ga Yuni ya dawo da giram 1,935.

Darajar Dutse Asalinsa

Me ya sa ake kashe wannan dukiya a kan ƙasar da ba ta cika mudu ba? Amsar ita ce asali. Dutsen da kumbo ya ɗebo an san ramin da ya fito, da zurfinsa, da ranar da aka ɗauke shi, kuma ruwa da iskar duniya ba su taɓa shi ba. Saboda haka ya zama ma'auni, kamar tiyar da sarkin kasuwa ya amince da ita. A 1982 an tsinci wani ɗan dutse a ƙanƙarar Antaktika, da aka gwada shi da na Apollo sai aka gane daga wata ya faɗo. Wani abu ne ya daki wata da ƙarfi, ɓarɓashi ya yi tsalle, ya yi ta yawo har ya iso nan. Ba don akwai ma'aunin ba, da ba wanda zai iya shaidarsa. A nan ne labarin ya iso gida.

Baƙon Zagami

Ranar 3 ga Oktoba 1962, lokacin kaka, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Zagami, a ƙasar Faskari ta Lardin Katsina, sai ya ji wata irin ƙara kamar aradu, iska ta buge shi, wani abu ya faɗo tim kimanin mita 3 daga inda yake, ya nutse cikin ƙasa fiye da rabin mita. Da aka tono sai ga dutse mai baƙar fata, nauyinsa kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna aka ajiye.

Shekara da shekaru masana suna ganin dutsen ya bambanta da sauran duwatsun da ke faɗowa, amma ba ma'aunin da za a gwada shi da shi. Na'ura ce ta sake kawo mafita. A 1976 kumbuna biyu na Amurka masu suna Viking suka sauka a duniyar Mars, suka auna iskarta suka aiko da sakamako. A 1983 aka samu irin wannan iska a maƙale cikin wani dutse ɗan dangin na Zagami, a 1995 kuma aka same ta cikin na Zagami kansa. Aka tabbatar daga Mars yake, kuma ya yi kimanin shekara miliyan 3 yana yawo a sararin samaniya kafin Allah ya nufe shi da gonar Bakatsine. Har yanzu babu kumbon da ya kawo ko ƙwayar yashi daga Mars. Abin da manyan ƙasashe ke ta fafutikar samu, mu a gona aka sauke mana shi kyauta.

To, ina dutsen yake? A 1988 wani dillalin irin waɗannan duwatsu Ba'amurke ya zo Nijeriya ya samu babban kaso daga cikinsa. Aka yanyanka, ya watsu a ɗakunan bincike da gidajen tarihi da hannun attajirai, ana sayarwa giram-giram. A 1996 har an saka ɗan ɓarɓashinsa cikin kumbon Mars Global Surveyor aka mayar da shi kewayen garinsu. Sunan Zagami ya shiga littattafan kimiyya na duniya, amma shi mai gonar "wani manomi" kawai ake kiransa.

Wannan hanya ba ta rufe ba. A Nuwambar 2023 an tsinci wani dutsen Mars mai kusan kilo 25 a yankin Agadas na Nijar. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin Niyok a kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya bar ƙasar, sai dai an yi ihu ne bayan hari. Mu da ke zaune a bakin iyaka mun fi kowa sanin yadda kaya ke fita ba a tambayi asalinsu ba.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, Zagami ba shi kaɗai ba ne. Dutse ya faɗo a Kabo ta Kano a 1971, ya faɗo a Gujba a 1984, ya faɗo a Kilabo kusa da Haɗeja a 2002. Kowanne akwai mutanen da suka ji ƙarar, akwai wanda ya fara taɓawa, akwai mai garin da aka kai wa rahoto. Waɗanda suka ga abin Zagami suna yara, yau dattawa ne masu shekara saba'in zuwa sama, kuma kullum raguwa suke yi. Kimiyya ta auna dutsen ta gama, amma yadda mutanen garin suka fassara abin, ko sun ɗauke shi gatarin aradu ne ko wata aya, da waɗanda suka zo suka tafi da shi, wannan sai mai jin Hausa da alƙalami a hannu. Littattafan soyayya muna da su jibgi, Allah ya ƙara basira. Amma daga Katsina zuwa Faskari ba tafiyar kwana ba ce. Allah ya sa a samu wanda zai je ya zauna da dattawan nan tun suna raye, amin.