Tashe Da Faɗuwar Shagunan Hayar Kaset

In ana ba da tarihin fina-finan Hausa, 'yan wasa da daraktoci da mawaƙa ake lissafawa, in kuwa na littafi ake bayarwa sai a kawo marubuta da maɗaba'u. Shi kuwa ɗan shagon nan na bakin layi, mai benci guda da kanta cike da kwalaye, ba a tunawa da shi sai in hira ta yi daɗi tsakanin waɗanda suka ba arba'in baya. Alhali ta hannunsa ne labari ya riƙa shiga gidajenmu har tsawon shekara ashirin ko fiye, kuma akwai abin da ya shafe mu a cikin tarihinsa, mu masu riƙon alƙalami.

Kafin bidiyo, sinima ce wurin kallo. Tun 1937 aka buɗe Rex a Kano, daga baya Kwara masu gidajen sinima suka gane cewa ba abin da ke cika masu gida kamar fim ɗin Indiya. To amma sinima wurin maza ce, kuma wurin da ake yi wa kallon matattarar 'yan iska. Matar aure ba ta zuwa, budurwar da ta je kuwa ta ja wa kanta magana. Da na'urar bidiyo ta fara shigowa gidajen alhazai da manyan ma'aikata a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ke yawo, sai kallo ya tashi daga bakin titi ya koma tsakar gida. Sai dai wanda ya iya sayen na'ura ba lalle ne ya iya sayen sabon kaset kullum ba, balle da tsarin SAP ya zo a 1986 ya karya darajar naira. Nan haya ta samo asali. Abin da ke kan kanta a wancan lokaci bai wuce Indiya da 'yan Sin masu kareti da yaƙin Amurka da kokawar Turawa ba.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda galibin masu nazari suka ɗauka shi ne fim ɗin Hausa na farko da aka yi a kaset don sayarwa. Ya kamata mai karatu ya lura da cewa wannan ya zo daidai da tashen littattafan da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, kuma mutanen kusan ɗaya ne. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim a 1994. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu shi ma ya bi wannan hanya, haka nan Ki Yarda Da Ni na tamu ta gida, Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Hayar littafi kuwa ta riga hayar fim ɗin Hausa kafuwa, don haka sau da yawa shago ɗaya ne ke yin duka biyun: littattafai a rataye a igiya, kaset a jere a kanta, mai shago ɗaya, masu haya ɗaya.

Yadda kasuwar ke tafiya a wancan lokaci abin a tsaya a duba ne. Cibiyarta tana Kano, a Ƙofar Wambai da Bata. Mai fim ba ya buga kaset da kansa. Abin da yake yi shi ne ya buga kwalaye masu hoton fim ɗin, ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset, su kuma su sayi kaset marar komai su kwafa, su sa a kwali. Ke nan kwali shi ne kuɗin mai fim, iya kwalayen da suka tafi iya abin da zai samu. Daga nan kaya su biyo mota. Funtuwa kuwa mararraba ce, hanyar Zariya da ta Gusau da ta Malumfashi duk a nan suka haɗu, saboda haka fim ba ya daɗewa da fita a Kano sai a gan shi a nan, daga nan kuma ya gangara Bakori da Ɗanja da Faskari da Dandume. Da kaka ciniki ya fi kyau, lokacin da aka sayar da auduga da masara, aka yi bukukuwa, amare suka tare da talabijin da bidiyo a cikin kayan ɗaki.

Amare da matan aure su ne ƙashin bayan sana'ar, ko da yake ƙafarsu ba ta taka shagon. Yaro ake aika. Ya zo da kuɗi a dunƙule a hannu da sunan fim a baki, in an yi rashin sa'a ya manta a hanya sai ya kwatanta da ɗan wasan da ke ciki. Mai shago ya rubuta sunan gida a littafinsa, baƙon ido kuwa sai ya ajiye jingina. Kwana ɗaya ake bayarwa, in ya wuce akwai tara, in aka ɗauke wuta kuma sai rigima ta tashi a kan ko daren da ba a yi kallo ba yana cikin lissafi. Kaset ɗin da ya sha hannu yakan yi ruwa-ruwa a fuskar talabijin, wani lokaci na'ura ta tauna zaren, a zaro a hankali a naɗe da biro. Gida guda ke haya amma maƙwabta biyar ke kallo. Kai, lokacin Sangaya a 1999 da Wasila a 2000, sai mutum ya sa suna a layi kafin kaset ya zo hannunsa.

Wani abu da marubutan yau ba su samu ba shi ne mai shagon kansa. Shi ne ɗan sharhin farko. Ya san labarin da ake dawowa neman kashi na biyunsa da wanda ake maido masa da tsaki, ya san wanda mata suka ce ƙarshensa bai yi ba. Marubucin da ke zama a bencinsa da yamma yakan ji hukuncin masu karatu da masu kallo tun kafin mujallar Tauraruwa ko ta Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a 1999, su ce uffan.

Amma fa kada begen da ya rufe mana ido. Kaset ɗaya da mai shago ya saya yana iya zaga gida ɗari, kuma ko kwabo daga kuɗin hayar nan ba ya komawa ga mai fim, balle marubucin labari, wanda tun farko an sallame shi da ɗan abin da ya samu. Haka abin yake ga littafi. Masu shirya fim sun daɗe suna kuka da 'yan haya, har suna sa su a layi ɗaya da masu satar fasaha. A ganina kukan yana da hujja, sai dai ba don hayar ba da talaka bai san fim ɗin Hausa ba, da kuma 'yan wasan ba su yi sunan da suka yi ba. Kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, amma gardin ne ya tara 'yan kallo.

Faɗuwar ba rana ɗaya ta zo ba. Faifan CD ya fara ture kaset a shekarun 2000, ga shi da araha, ga sauƙin kwafa, har saye ya kusa zama daidai da haya. Hukumar tace fina-finai da aka kafa a Kano a 2001 ta ƙara tsanantawa daga 2007, harkar ta yi sanyi na wani lokaci. Amma wayar hannu ce ta yi kisan mummuƙe. Da waya mai katin memori ta wadata, sai ga samari da kwamfuta a bakin kasuwa suna tura wa mutum fim goma a kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, ciki har da na Indiya da aka fassara da Hausa. Tashar Arewa24 ta zo a 2014 ta kawo wasa mai dogon zango kyauta. Kamfani guda na Amurka, Blockbuster, ya mallaki shaguna wajen 9,000 a faɗin duniya a 2004, ya karye a 2010, duniya ta ji. A nan kuwa dubban masu ƙaramin jari ne suka sauya sana'a shiru, wannan ya koma cajin waya, wancan tura fim, wani ya koma gona.

A 2020 Izzar So ya fara fita a YouTube, a tashar Bakori TV mai ɗauke da sunan garin da ke maƙwabtaka da mu, wanda a da sai an kai masa kaset a mota. Tsofaffin kaset ɗin kuwa ba sa jure zafi da ƙura da damina, kuma da yawa daga finafinan shekarun 1990 ba a taɓa juya su zuwa faifai ba. Abin da ya rage daga cikinsu yana cikin buhuna a ɗakunan ajiyar tsofaffin masu shago, tare da littattafan rajistarsu, inda aka rubuta wane gida ya karɓi wane labari, a wace rana, da kwana nawa ya riƙe shi. Ƙungiyarmu ba ta da kuɗin gina gidan tarihi, amma tana da mambobi a kowace unguwa da za su iya sallama a ƙofar waɗannan mutane kafin gara ta riga mu.