Yadda shuka ke kare kanta daga fari da ƙwari a gonakin Kunci

A yankin Kunci da ke arewacin Jihar Kano, inda damina gajera ce kuma ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, gero da dawa da wake suna da dabarun jure fari da ɓarnar ƙwari.

Idan ruwa ya yi fashi, dawa kan naɗe ganyenta, ta rufe ƙananan kafofin da take numfashi da su don ta rage asarar ruwa. Gero kan dakata da girma har sama ta sake zuba, sannan ya yi 'ya'ya daga gindi.

Dawa na da wani makami da makiyaya suka daɗe da saninsa. Ƙaramar dawa da gyauronta suna tara wani sinadari mai suna durin, wanda ke zama guba da zarar an tauna ganyen, kuma fari na ƙara yawansa. Yana hana wasu ƙwari cin ganyen, amma yana iya kashe akuya ko saniya, shi ya sa manomi mai lura ba ya barin dabba ta faɗa gonar da ta sha fari.

Masara ma tana da tata dabarar: a 1990 masana a Amurka suka nuna cewa masarar da tsutsa ke ci tana fitar da ƙamshin da ke janyo ƙananan zanzaro masu hallaka tsutsar.

Wake kuwa ba ya iya wa tsutsar maruka mai cin furensa, don haka cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin wake mai jure mata, SAMPEA 20-T, a 2019.