Cire “indomi” daga salansar tsohuwar mota: me doka ta ce?

Duk mai tsohuwar mota a Legas, Ibadan ko Fatakwal, da wuya a ce bakanike bai taɓa ce masa “Alhaji, indomin nan ya toshe, a cire shi kawai mota ta sha iska” ba. Wani ma sai ya ƙara da cewa zai saya, a rage kuɗin aiki. To kafin mutum ya ce a yanka, ga abin da ya kamata ya sani.

Indomi dai suna ne da bakanikai suka laƙa wa matatar hayaƙi da ke jikin salansa, kusa da inji, saboda cikinta ya yi kama da taliyar da aka sani. Tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan ya yi zafi, sai ya mayar da gubar hayaƙi, wato kabon monoksaid da ragowar man da bai ƙone ba da iskar naitirojin oksaid, zuwa iskar da ba ta kai su illa ba. Ƙarafan nan ne ke jawo masa farin jini. A 2021 farashin rodiyam ya haura dala 25,000 duk oza guda, abin da ya sa satar indomi ta yi ƙamari a ƙasashe da dama.

A Amurka, inda yawancin motocin tokumbo irin su Camry, Corolla da Sienna ke fitowa, an fara sa shi a motoci tun ƙirar 1975, sakamakon dokar tsaftar iska ta 1970. Gyaran da aka yi wa dokar a 1990 ya haramta wa kowa cire shi, har mai motar da kansa, ba gareji kaɗai ba. Tsufan mota ba ya wanke mutum a can. Abin da ake tambaya shi ne: da shi ta fito daga kamfani? In da shi ta fito, to dole ya zauna, in ya lalace a sa wani. Motar da aka ƙera ba tare da shi ba, kamar na kafin 1975, ba a tilasta a sa mata. A Ingila ma motar da ta zo da shi aka cire ba za ta ci gwajin shekara-shekara na MOT ba.

A nan gida kuwa, hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da dizal a 2011, waɗanda suka ƙayyade yawan gubar da mota za ta iya fitarwa. A Legas, gwajin kwamfuta na cibiyoyin LACVIS, da ake yi don takardar ingancin mota, ya haɗa da auna hayaƙi. Su ma jami'an kiyaye haɗurra, 'yan Rod Sefti, suna da laifin fitar da hayaƙi fiye da kima a jerin abubuwan da suke cin tara a kai. Gaskiya ne ba kullum ake tsanantawa ba, motoci barkatai na yawo da bututu zalla a ƙarƙashinsu. Amma ranar da aka sa na'ura a bakin salansa, motar da aka ƙwaƙule wa indomi ita ce ta fi kusa da faɗuwa, kuma cewa “ai tsohuwa ce” ba hujja ba ce.

Batun cewa cirewa na ƙara wa mota ƙarfi, wannan sai idan da ma ya toshe. Kuma ba ya toshewa haka siddan: yawanci inji ne ke shan baƙin mai, ko fulogi ya mutu ɗanyen fetur na zuba cikin salansa. In an cire ba a gyara tushen matsalar ba, tana nan daram. Motocin Amurka daga ƙirar 1996 suna da na'urar auna iska a bayan indomin, da zarar an cire sai fitilar gargaɗin inji ta kama, kwamfuta ta nuna lambar P0420. Ga ƙara, ga wari. Wanda ya taɓa maƙalewa a goslo ɗin Oshodi bayan irin wannan mota ya san zancen. Kabon monoksaid kuma ba shi da wari ko launi, idan aka yi waldar banza ya riƙa shiga cikin mota, yana iya kisa, musamman ga direban da ke kwana a ciki inji na aiki.

Inda abin ya fi shafar mutanenmu shi ne ciniki. Da yawa daga cikin 'yan gwangwan da 'yan bola-jari a Owode Onirin, Agege da kewayen Ladipo 'yan arewa ne, kuma gare su ake kawo indomi. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a sashe na 427 na kundin Criminal Code da jihohin kudu ke bi, Legas ma tana da irinsa a dokarta ta 2011. Wanda ya zo maka da shi da daddare, an yanke shi da zarto gaggawa-gaggawa, farashi ƙasa warwas, ba ya iya faɗin motar da ya fito, ka ƙyale shi ya wuce. Ɓarawon ya ɓace, shagonka yana nan, kuma kai 'yan sanda za su tarar. Ka riƙa rubuta sunan mai sayarwa da lambar wayarsa da ta motar.

Mai mota kuma, in ka kai gyara ka leƙa ƙarƙashi kafin da bayan aiki, don akan fasa gwangwanin a kwashe cikin a sake like shi da walda kamar ba a taɓa ba. Haka in za ka sayi tokumbo: sabon tabon walda a wannan wurin ya isa a sake zaman ciniki, don kuɗin sabo na kamfani ba kaɗan ba ne.