Farin Zare da Ɗan Rago: Yadda Malaman Kirista na Dauri Suka Koyar da Karatun Littafinsu

Duk wanda ya tashi a Kebbe ya san zaman tafsirin azumi: mai jan baƙi ya kawo aya, malam ya fassara, jama'a na zaune a kan tabarmi. Kusan kowace shekara, idan aka iso ayar da ta yi maganar lokacin sahur, sai malam ya kawo labarin sahabi Adiyyu ɗan Hatim. Da ya ji an ambaci farin zare da baƙin zare, sai ya nemo igiyoyi biyu ya sa a ƙarƙashin matashinsa, yana ta dubawa cikin dare ko zai iya bambance su. Da gari ya waye, Manzon Allah (SAW) ya fahimtar da shi cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Muna yara murmushi kawai muke yi. Sai da na girma na gane cewa labarin yana ɗauke da babbar tambaya: yaushe kalma take nufin kanta, yaushe kuma take nuni zuwa ga wani abu?

Maƙwabtanmu Kirista ma sun daɗe suna fama da wannan tambaya a kan nasu littafin, kuma kaso mai yawa na harsashin iliminsu a nan Afirka aka aza shi. Ba hukunta aƙidar kowa ya kawo ni ba. So nake mu ga ƙa'idojin da suka shimfiɗa, da abin da ya faru sa'ad da littafin ya shigo harshen Hausa.

Daga Iskandariyya zuwa Antakiya

A birnin Iskandariyya na Masar aka haifi Orijin wajen shekarar 185. Ya yi aikin tantance nassi: ya jera Tsohon Alkawari a layuka shida kusa da juna, na farko da Ibrananci, na biyu Ibrananci cikin haruffan Girka, sauran huɗun kuma fassarori ne na Girkanci, domin mai karatu ya ga inda suka saɓa. Ya kuma koyar da cewa nassi kamar mutum yake, yana da jiki da rai da ruhu. Jikin shi ne labarin da aka bayar, ran shi ne darasin gyaran hali, ruhun kuma shi ne asirin da ke ɓoye. A wurinsa, zangunan da Bani Isra'ila suka yada bayan fitarsu daga Masar matakai ne na tafiyar ran mutum zuwa ga Ubangiji.

Malaman Antakiya ba su lamunta ba. Tiyodo na Mofsuwestiya, wanda ya rasu a 428, ya nuna cewa idan aka mayar da kowane labari alama, tarihin kansa ya rushe, kuma kowa zai iya cusa son zuciyarsa cikin nassi ya ce asiri ya gano. Duk wanda ya taɓa sauraron muhawarar malamanmu a kan zahiri da baɗini zai ji wannan saɓani bai yi masa baƙunta ba.

Agustin da dokokin alama

Wanda ya tsara ƙa'idojin da suka fi daɗewa shi ne Agustin. An haife shi a 354 a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau, ya kuma rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba. Littafinsa De Doctrina Christiana, wanda ya shafi koyarwar Kirista, ya fara shi wajen 396, bai kammala ba sai bayan shekara talatin.

Ya ce duk ilimi ko dai na abubuwa ne ko na alamu. Hayaƙi alamar wuta ce, sawu alamar dabbar da ta wuce, kalma kuma alama ce da mutane suka yi ittifaƙi a kanta. Daga nan ya fitar da dokoki. Na farko, mai karatu ya san harsunan asali, Ibrananci da Girkanci, ko aƙalla ya gwama fassarori. Na biyu, ya san abin da aka yi misali da shi: wanda bai san halin maciji ko amfanin wani tsiro ba, ba zai gane misalin da aka gina a kansu ba. Na uku, a fassara wuri mai duhu da wuri bayyananne. Na huɗu, alama ba ta da ma'ana guda a ko'ina. Ya nuna cewa zaki a wani wuri Almasihu yake wakilta, a wani wurin kuma Shaiɗan, haka yisti yakan zo da ma'anar alheri ko ta sharri. Ya yi gargaɗi ta fuska biyu: kada a ɗauki misali a matsayin zahiri, kada kuma a mayar da zahiri misali don a guje wa umarni mai nauyi. Ma'aunin ƙarshe a wurinsa shi ne ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci. Fassarar da ba ta gina waɗannan biyun ba, mai ita bai fahimci nassin ba tukuna.

Agustin bai ji kunyar karɓar ilimi daga ɓangaren abokan hamayyarsa ba. Ya taƙaita dokoki bakwai na Tikoniyus, wani malamin Arewacin Afirka daga ɗarikar Donatawa da shi Agustin ya shafe shekaru yana yi wa raddi. A zamanin nan kuma Yohanna Kasiyan ya kawo misalin da makarantun Turai suka riƙe fiye da shekara dubu: sunan Urushalima yana iya nufin birnin da ke ƙasa, ko jama'ar masu bi, ko ran mutum, ko birnin sama.

Da littafin ya zo ƙasar Hausa

A nan akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. A wurin Musulmi, Alƙur'ani shi ne na Larabci. Shi ya sa Sheikh Abubakar Gumi ya kira aikinsa tarjamar ma'anoni. Kirista kuwa yana karanta fassara a matsayin littafin kansa. Saboda haka nauyin alamu duka a wuyan mai fassara yake sauka.

Wanda ya fara ɗaukar nauyin shi ne James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS. Ya bi ayarin Kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya koyi Hausa daga 'yantattun bayi a Saliyo, amma bai taɓa zama a birnin Hausa ba. Sa'arsa ita ce Dorugu, wani yaro daga yankin Damagaram da matafiyi Heinrich Barth ya kai Ingila a 1855. Daga bakin Dorugu Schön ya gyara Hausarsa. Bisharar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Dorugu ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912.

Sai Dokta Walter Miller, wanda ya zo cikin ayarin Bishop Tugwell da Sarkin Kano Aliyu Babba ya sallama a 1900. Ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. Shi ya jagoranci aikin da ya haifar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Sabuwar fassara ta biyo baya a 1979.

Waɗannan mafassara ba fili suka tarar ba. Tun 1816 Abdullahin Gwandu ya kammala tafsirinsa Liya'ut Tawili, kuma ƙarnoni kafin shi malamai suna fassara nassi da baki. Kalmomin addini na Hausa sun riga sun cika da ma'ana. Da mafassaran suka ɗauki Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, Zabura da Almasihu, sun ɗauke su ne da kayan da ke kansu. Inda suka ga kayan zai canza saƙonsu sai suka kauce: a cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, Yesu aka rubuta, ba Isa ba.

A nan dokar Agustin ta biyu ta nuna ƙarfinta. Makiyayi da garkensa ba ya buƙatar bayani ga mutumin Kebbe ko Tambuwal, ko da yake rikicin shekarun nan ya ɗora wa kalmar wani nauyi da ba ta da shi a da. Kurangar inabi kuwa, wadda manomin Falasɗinu ya san yadda ake yi mata aski, baƙuwa ce ga mai noman gero. Gurasa a can ita ce abincin yau da kullum, matsayin tuwo a wurinmu. A Kano kuwa abin marmari ce da ake ci da tsire. Mafi wuya shi ne ɗan rago. Bahaushe na jin sa, layya da Annabi Ibrahim za su faɗo masa. Kirista kuwa tunaninsa na tafiya ne ga ragon Idin Ƙetarewa a labarin fita daga Masar, daga nan zuwa ga Yesu. Kalma ɗaya ce, dabba ɗaya ce, amma igiyar ma'anar ba wuri ɗaya aka ɗaure ta ba.

Abin da ya rage mana

Yau a Facebook da WhatsApp kowa na iya tsinto aya daga littafin wani ya wallafa ta tsirara, babu abin da ya gabace ta, babu abin da malamanta suka ce. Musulmi na yi wa Kirista haka, Kirista na yi wa Musulmi, kuma mun san garuruwan da magana irin wannan ta jawo wa asarar rayuka. Rashin sani ya fi dare duhu. Babu ɗayanmu da zai yarda a fassara masa Alƙur'ani ba tare da Larabci da sababin saukar aya da maganar magabata ba. Adalci shi ne mu san cewa maƙwabcinmu ma yana da nasa magabatan da nasa ƙa'idojin, kuma sanin su ba ya nufin yarda da su. Adiyyu ya kwana da igiyoyinsa dare ɗaya, da safe ya je ya yi tambaya.