Tarihin Man Hantar Kifi da Ƙirjin Yara a Turai

Masunta na gaɓar tekun Norway sun daɗe suna tara hantar kifin da ake kira kod a cikin ganguna, su bar ta ta ruɓe har mai ya taso sama, sa'annan su kwashe shi su sha a watannin hunturu, lokacin da rana kan yi wuyar gani. Man yana da ƙarni da duhun launi, har sai a shekarar 1853 wani mai haɗa magunguna, Peter Möller, ya fito da hanyar tatsarsa daga sabuwar hanta da tururi, abin da ya rage masa wari ya mai da shi hajar kasuwa.

Buƙatarsa ta fi tsanani a biranen masana'antu na Ingila, inda hayaƙin gawayin kwal ya rufe sama, yara kuma suka tashi cikin lunguna marasa haske, ƙasusuwansu na laushi, ƙafafu su lanƙwashe, ƙirji ya tsuke. Wannan ita ce cutar riket, kuma likitocin zamanin sun lura cewa yaran da ta kama sukan mutu da ciwon huhu. A 1848 asibitin Brompton da ke Landan ya gwada man a kan masu tarin fuka, wanda hakan ke nuna cewa tun kafin a san abin da ke cikinsa an riga an danganta shi da lafiyar ƙirji.

Sirrin ya bayyana ne bayan yaƙin duniya na farko. A 1919 wani mai bincike, Edward Mellanby, ya tsare 'yan kwikwiyo a ɗaki yana ciyar da su da fate-faten hatsi har riket ta kama su, ya kuma warkar da su da man. A 1922 Elmer McCollum na Amurka ya dafa man yana hura masa iska har bitamin A da ke cikinsa ya lalace, amma duk da haka ya ci gaba da gyara ƙashi, sai aka gane akwai wani sinadari dabam, aka raɗa masa suna bitamin D, wanda fatar mutum ma kan ƙera idan rana ta taɓa ta. A lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnatin Birtaniya ta riƙa raba man ga ƙananan yara, cokali guda kowace safiya ya zama al'adar gida.

Batun ƙirji ya dawo ne a 2006, sa'ad da masu bincike a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin garkuwar jiki na amfani da bitamin D wajen ƙera wani sinadari mai suna katelisidin, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta. Bayan shekara biyu wani bincike a jihar Wisconsin ya gano cewa yaran da bairas ɗin mura ya sa ƙirjinsu kuka a shekarunsu uku na farko sun fi sauran kamuwa da asma, wato ciwon da hanyoyin numfashi ke kumbura su tsuke. Daga nan fata ya ƙarfafa cewa bitamin ɗin zai iya tare bairas kafin ya tayar da kumburin.

Gwaji bai cika wannan fata ba. A binciken da aka buga a 2016 an ba mata masu juna biyu bitamin D mai yawa, aka ga alamar raguwar kukan ƙirji ga 'ya'yansu a shekara uku, amma da suka kai shida bambancin ya ɓace. A 2020 wani gwaji a kan yara 192 masu asma ya nuna ƙarin bitamin bai jinkirta tashin ciwon mai tsanani ba. Darajar man a kan ƙashi tabbatacciya ce, kuma ya ceci yara masu ɗimbin yawa, amma yaron da asma ta kama maganin shaƙa da likita ya rubuta masa shi ne ke riƙe numfashinsa, kuma kuskure ne babba iyaye su ajiye shi su dogara da cokalin mai.