Tarihin Tarbiyyar Ƙananan Yara a Gidajen Ƙasar Makoda

Makoda ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Kano, hedikwatarta tana Koguna. Maƙwabciyar Ɗambatta ce, kuma mazaɓar tarayya ɗaya suke da ita. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 220,000 a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 441. Yawancinsu manoma ne, Hausawa da Fulani, masu noman gero da dawa da wake da gyaɗa, a irin ƙasar nan ta Kano da gona take manne da gona, ba ka yin nisa ba ka hango rumbu ko dangar wani gida ba. A garuruwa irin su Wailare da Maitsidau da Satame da Jibga, addini da hidimar yau da kullum a haɗe suke, kuma a jikin ƙananan yara aka fi ganin haka. Wannan maƙala ta bi tarihin yadda gidajen yankin suke renon yaro a kan addini daga haihuwa zuwa shekara goma, da yadda aikin ya riƙa sauya hannu, daga ɗakin uwa da kaka zuwa zauren malam, daga zaure zuwa aji.

Tushe

Musulunci ya shiga birnin Kano a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) ta hannun Wangarawa, ya kafu sosai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda Shehu Maghili ya sauka a wurinsa. Ƙauye bai bi birni nan take ba. Shekaru aru-aru Maguzawa suna zaune a karkarar Kano da al'adunsu, kusa da unguwannin malamai da fatake. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ne ya juya al'amarin. Kano ta koma hannun jama'ar Shehu a wajejen 1807, kuma cikin jagororinsu akwai Malam Dabo Dambazau, wanda zuriyarsa suka riƙe sarautar Sarkin Bai da ƙasar Ɗambatta.

Abin da ya taɓa cikin gida kai tsaye a wa'azin Shehu shi ne zargin da ya yi wa malaman zamaninsa a littafin Nurul Albab, cewa suna karantar da ɗalibai a waje, sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta amsa wannan kira da tsarin 'Yan Taru, inda jajoji suke zaga ƙauyuka suna koya wa mata addini ta hanyar waƙa. A ƙasar Sakkwato aikin ya fi ƙarfi. A karkarar Kano kuwa sai da aka yi fiye da shekara ɗari da hamsin kafin 'ya mace ta ƙauye ta sami rabo mai kauri daga ilimin.

Daga haihuwa zuwa yaye

Da ungozoma ta yanke cibiya, uba ko kaka yakan ɗauki jariri ya yi masa kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu. Mai jego ta shiga wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, tana shan kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta tsananta wannan al'ada da ciwon zuciyar masu jego, shi ya sa yau ake jan hankalin iyaye mata su sassauta.

Ranar suna, da sassafe, maza sukan taru a ƙofar gida. A raba goro da dabino, liman ya raɗa suna, a yi addu'a, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Kowa ya buɗe baki sai ka ji "Allah ya raya". Sunan yanka kusan kullum na Annabi ne ko na sahabbansa ko na iyalan gidansa, amma laƙabin da mata suke sawa yakan fito daga gona da kalanda: Nomau, Anaruwa, Azumi, Ɗanjuma, Talatu. A sunaye biyun nan na yaro ɗaya ana iya ganin yadda addini da noma suke zaune lafiya a gida guda.

Akwai al'adar da ta yi tasiri a tarbiyya fiye da yadda ake lura, wato kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma a gidan iyayenta ta haife shi. Sai renonsa ya faɗa hannun kaka. Haka ma yaye: idan yaro ya kusa shekara biyu akan kai shi ɗakin kaka, a karɓo masa rubutu wurin malam a wanke a ba shi. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin wannan zama, inda riƙo da yaye suke rarraba yara a hannun dangi.

Saboda haka malamar farko a gidan manomi sau da yawa kaka ce. Ita take kama hannun yaro ta mayar da loma dama, ta ce ya yi bisimilla. Ita take koya masa sallama kafin shiga ɗaki, da durƙusawa a gaida babba, da cewa ba a taka hatsi. Da dare ta tara jikoki a kan tabarma ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ba lalle ta san baƙi ba, amma abin da ta dasa yakan riga allo shiga zuciya. A waje kuma ɗa na kowa ne: dattijon da ya ga yaro yana wasa ana kiran salla yana da ikon tsawata masa, uban ya zo ya yi godiya.

Zaure da allo

A shekara huɗu ko biyar uba yakan kai yaro zauren malamin unguwa da allonsa. Alƙalami na kara ne, tawada kuwa a gida ake haɗa ta da ƙaro. Yaro yakan fara da haddar gajerun surori da ka, Fatiha da Nasi da Falaƙi da Ƙulhuwa, sannan ya shiga babbaƙu, inda yake koyon haruffa da sunayen da Bahaushe ya raɗa musu: alu, ambaki, hakuri, takuri. Daga nan sai farfaru, wato wasula, sannan ya fara haɗa baƙi. Idan ya iya abin da ke allonsa ya biya wa malam, sai a ce ya je ya wanke. Wanda ya taɓa tsayawa yana jiran allonsa ya bushe a rana don a rubuta masa sabon karatu ya san daɗin wannan kalma.

Ana zama da safe da yamma, da dare kuma a kewaye wutar karan da yara suka yo. Alhamis da Juma'a hutu ne. Ranar Laraba kowa ya kawo kuɗin Laraba, da kaka kuma iyaye su kai wa malam dami. Ƙira'ar Warshu ake yi, Alƙur'ani na rubutun hannu ne ko bugun da ya yi kama da shi, warwara a cikin gafaka. Wanda ya kai izu sittin akan yi masa sauka, a ƙawata allonsa da zayyana, ya karanta a gaban malamai, a yi sadaka. Daga nan mai niyya ya shiga littattafai, Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Amma gaskiya ita ce yaran ƙauye da yawa ba sa kaiwa sauka. Damina takan janye maza zuwa gandu, aure kuma ya janye mata da wuri, su fita da surorin da za su yi salla da su.

Dole a bambanta 'yan gari da almajirai. 'Yan gari a gidan iyayensu suke kwana. Almajiri kuwa an damƙa shi ga malam, wanda yakan tafi da ɗalibansa ci-rani bayan an kai amfanin gona gida, wasu har gabas, ƙasar Barno, su dawo kafin ruwa ya sauka. A garin da suka sauka kowane yaro yakan sami uwar ɗaki mai ajiye masa tuwo. A wajejen 1914 Turawa sun ƙiyasta makarantun allo kusan 25,000 a Arewa.

Shekara bakwai mahaɗa ce. A da, a nan ake yi wa yara maza kaciya, rukuni-rukuni, lokacin sanyi. A nan kuma ake fara umartar yaro da salla kamar yadda hadisi ya koyar, a tsananta idan ya kai goma. Da azumi yakan fara da rabin yini, a lallaɓa shi da cewa za a haɗa masa na yau da na gobe. Idan watan ya kwana goma, yara su fita tashe gida-gida.

Kulle da talla

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi. Da bauta ta gushe, kulle ya bazu daga gidajen sarauta da malamai zuwa gidajen talakawan ƙauye, domin fita gona ta zama abin da matar ɗa ba ta so a gan ta tana yi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina da Ɗorayi ta Kano, ta nuna yadda matan kulle suke gudanar da kasuwanci mai yawa daga cikin gida. Yara ne ƙafafunsu. 'Yar shekara bakwai ta ɗauki farantin ƙuli-ƙuli ko ƙosai ta zaga gari, ribar ta tafi kayan ɗakinta. Wannan ya koya wa yara lissafi da riƙon amana, amma ya cinye lokacin karatun 'ya mace, kuma uwar da ke kulle ba ta da hanyar ilimi sai abin da miji ya kawo mata, in ya sani.

Boko da Islamiyya

Makarantar bokon da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ba ta taɓa ƙauye sosai ba. Shekaru da dama iyaye suna ɓoye 'ya'yansu idan dagaci ya zo neman yaran makaranta, don tsoron kada a raba su da addini. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ne ya kai aji kusan kowace gunduma.

Canjin da ya fi shiga cikin gida daga Islamiyya ya zo. Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka fara yaɗa irin wannan makaranta a shekarun 1950: benci da allon bango, tauhidi da fiƙihu da hadisi da Larabci, maza da mata. Bayan kafa Izala a Jos a 1978 makarantun suka yawaita, 'yan Tijjaniyya da Ƙadiriyya su ma suka buɗe nasu. Ƙira'ar Hafsu da tajwidi suka shigo, musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986 ta ƙara musu kwarjini, hijabi ya zama tufar 'yar shekara huɗu. Aka kuma buɗe ajin matan aure. A ganina wannan ita ce riba mafi girma a duk tarihin nan: yau a ƙauyen Makoda ana samun uwar da take zaunar da ɗanta bayan magariba ta gyara masa madda da gunna da kanta. Kukan da Shehu ya yi ya sami amsa, ko da a makare.

Canjin bai zo ba tare da saɓani ba. A gida ɗaya kaka takan ɗaura wa jariri laya, uwarsa 'yar Islamiyya ta cire. Ana jayayya a kan rubutun sha da Mauludi da kiɗan suna. Batun lafiya ma ya shiga ciki: a 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin da ya bazu a kansa, ba a dawo da shi ba sai a 2004, kuma sai da sarakuna da malamai suka sa baki iyaye suka saki jiki. A 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar shan inna ta ƙare a Nijeriya.

Yaron yau yakan yi allo da asuba, firamare da hantsi, Islamiyya bayan azahar, ga kiwon awaki da ɗebo ruwa. Karatu ya ƙaru, zama da iyaye ya ragu. Gandu yana watsewa saboda gonaki sun tsuke, uba yana ci-rani a Legas ko Abuja, waya ta karɓe daren tatsuniya. Wannan damuwa ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Mabiya cocin nan da ake kira Momon, wanda Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, sun ga haka tun 1915, shugabanninsu suka nemi kowane gida ya ware dare guda na addu'a da karatu da hira da yara, a 1970 kuma suka tsayar da daren Litinin.  Aƙidarsu daban take da ta mutanen Makoda nesa ba kusa ba, amma abin da suka kafa da doka, kaka a nan tana yinsa kowane dare ba tare da an sa ta ba.

Inda tarihin ya fi ciwo shi ne almajirci. Tafiyar da take ta rani ta zama ta shekara da shekaru, wanda ake turawa kuma ya koma ɗan shekara biyar ko shida, a birnin da babu uwar ɗaki. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun kwashe almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu, a 2023 kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukuma ta musamman domin su. Hukuma ba za ta kama hannun yaro ta mayar masa da loma dama ba. Iyaye na Koguna da Wailare da sauran garuruwa, malamin allo yana unguwarku, Islamiyya tana garinku. Ku bar ƙaramin yaro ya yi babbaƙunsa da farfarunsa yana kwana a ɗakin uwarsa.