Tsari da Sa Ido a Kula da Masu Munanan Raunuka a Ingila, 2007–2024

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda Ingila ta sake fasalin kula da waɗanda suka ji munanan raunuka. Ta nuna cewa ƙarfin tsarin yana ga ɗaura biyan kuɗi a kan bayanan da asibitoci ke miƙawa.

Gabatarwa

A 2007 rahoton hukumar NCEPOD, mai binciken yadda ake kula da majinyata, ya bayyana cewa kusan kashi 60 cikin 100 na majinyatan da aka duba ba su samu kulawar da ta kamata ba. A lokacin, asibiti mafi kusa ake garzayawa da mai rauni, ko da kuwa babu likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a wurin. A 2010 ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ƙiyasta cewa gyaran tsari zai iya ceto rayuka 450 zuwa 600 duk shekara.

Fasalin Tsarin

Landan ce ta fara a 2010 da manyan cibiyoyi huɗu: Royal London, St Mary's, King's College da St George's. Sauran yankuna suka bi sahu a 2012. Kowace cibiya tana da ƙananan asibitoci a kewayenta, kuma a lokacin an ba ma'aikatan motar asibiti izinin tsallake na kusa muddin za su isa cibiyar cikin kimanin minti 45.

Sa Ido

Nan ne gizo yake saƙa. Daga 2012 aka ɗaura ƙarin kuɗin cibiya a kan cika sharuɗɗa, waɗanda a shekarun da suka biyo baya suka haɗa da: babban likita ya tarbi mai rauni mafi tsanani cikin minti 5, a yi allurar tsayar da jini cikin awa 3 ga mai buƙata, a rubuta tsarin farfaɗowa, sannan a aika bayanan ga rumbun bayanan raunuka na TARN da ke ƙarƙashin Jami'ar Manchester a lokacin. Asibitin da ya yi sakaci da rubutu ya yi asarar kuɗi, shi ya sa bayanai suka cika har aka iya auna aiki. Nazarin Moran da abokan aikinsa na 2018 ya gano cewa damar tsira ta ƙaru da kashi 19 cikin 100 tsakanin 2008 da 2017. Sai dai a yi hattara, domin dabarun ƙarin jini su ma sun inganta a wannan tsakani, don haka ba duk nasarar ce ta tsari ba.

Giɓin da Ya Rage

An tsara tantancewar da ma'aikatan motar asibiti ke yi a bakin hanya ne da tunanin matashin da ya yi haɗarin mota. Rahoton TARN na 2017 kuwa ya nuna cewa faɗuwa daga tsayin da bai kai mita 2 ba ce babban sanadin mummunan rauni ga tsofaffi, kuma yawancinsu ƙananan asibitoci ake kai su, inda ƙananan likitoci ke fara duba su. Kutsen intanet da aka yi wa TARN a 2023 ya dakatar da tattara bayanai na tsawon watanni, kafin sabon rumbu na ƙasa ya maye gurbinsa a 2024.